Gaskiya ko Jita-jita: Ma'aikacin Jinya da Karatun Doktora

A garuruwan Damagaram irin su Zermu, da ke yankin Mirriya, mutumin da mara lafiya yake fara gani yawanci ma'aikacin jinya ne. Shi ke riƙe da asibitin karkara da ake kira CSI, shi ke duba yaro mai zazzaɓi, shi ke ɗinke rauni, shi ne kuma ke yanke shawarar a tura mai naƙuda birni ko a tsaya. Mun saba da ganinsa a wannan matsayi, har ya zama idan aka ce wani cikinsu ya tafi karatun masta ko doktora sai tambayoyi su taso: likita zai zama? Zai dawo kuwa? Me ya rage masa da bai sani ba? Masu waɗannan tambayoyi ba su yi laifi ba, domin abin sabo ne a ƙasarmu, kuma ba a cika yin bayaninsa da Hausa ba. Ga maganganu takwas da muke yawan ji, da abin da ke gaskiya a cikin kowace.

"Karatun jinya daga difloma ya ƙare"

A da kusan haka ne, amma yanzu ba haka ba ne. A Nijar ƙofa biyu ake shiga aikin. Mai takardar BEPC yana yin shekara 3 ya fito ƙaramin ma'aikacin lafiya, wanda ake kira ASB. Mai takardar Bak yana yin shekara 3 ya fito da lisansi a fannin jinya ko ungozomanci. Ana wannan karatu a makarantar ENSP ta Zinder, da takwararta ta Yamai mai ɗauke da sunan Damouré Zika, da kuma makarantu masu zaman kansu. Lisansin nan shi ne matakin farko na tsarin LMD, wanda ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007: shekara 3 bayan Bak lisansi, ƙarin shekara 2 masta, ƙarin shekara 3 ko fiye doktora. Wanda ya hau matakin farko, tsarin bai hana shi neman na biyu da na uku ba.

Me ya sa maganar ta zauna a zukata? Tarihi ne. A zamanin mulkin Faransa an horar da ma'aikatan jinya ne don su zama mataimaka: su yi allura, su wanke miki, su bi ƙauyuka yaƙi da annoba, kamar waɗanda makarantar Jamot ta Bobo-Dioulasso ta yaye. Ba a shirya musu wani tsani da zai kai jami'a ba. Ita kanta Faransa da muka gaji tsarinta ta makara ƙwarai a wannan fage. Sai a 2009 ta daidaita diflomar jinya da lisansi, a 2018 ta buɗe matakin masta na ƙwararrun masu jinya, a 2019 kuma ta ware wa ilimin jinya sashensa a majalisar da ke tantance malaman jami'o'inta. Iyayenmu da suka ce karatun ya ƙare da difloma abin da suka gani da idonsu suka faɗa. Zamanin ne ya sauya.

"Idan ya yi doktora ya zama likita"

Wannan ita ce jita-jitar da ta fi kowace yaɗuwa, kuma ba gaskiya ba ce. Likita yana shiga sashen koyon likitanci na jami'a, irin wanda ke Jami'ar André Salifou a Zinder ko Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ya shafe shekara bakwai zuwa takwas, ya fito da izinin gano cuta da ba da magani a matsayin likita. Doktorar da muke magana a kanta ta bincike ce. Ɗalibi yana ɗaukar tambaya guda da ba a amsa ba, ya yi shekaru yana tattara hujja a ƙarƙashin malami mai kula da shi, ya wallafa abin da ya gano, ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban kwamitin farfesoshi. Abin da takardar ke shaidawa shi ne ya iya bincike da kansa, kuma ya isa ya koyar a jami'a.

Misalin yana gabanmu. Marigayi André Salifou, wanda jami'ar Zinder ke ɗauke da sunansa, ɗan garin ne, ya yi doktora a fannin tarihi, ya rubuta littafi kan daular Damagaram a ƙarni na 19, ya shugabanci taron ƙasa na 1991. Ba wanda ya taɓa kai masa mara lafiya. Haka ma'aikacin jinya mai doktora: iyakar abin da doka ta ba shi izinin yi wa mara lafiya tana nan a kan takardarsa ta jinya. Doktora ba ta ba shi wuƙar tiyata.

Ruɗanin yana da tushe biyu. Na farko, a ƙauye duk mai farar riga likita muke ce masa, kuma ma'aikacin jinya a CSI yana yin ayyuka da yawa da a babban asibiti likita ne ke yin su. Na biyu, laƙabin dokta ɗaya ne ga kowa. Saboda haka ya wajaba ga mai wannan digiri, idan yana cikin asibiti, ya faɗa wa mara lafiya a fili cewa shi ma'aikacin jinya ne. Barin mutane cikin duhu a nan yaudara ce, ko da ba a yi niyya ba.

"Jinya aikin hannu ce, babu abin bincike a cikinta"

Mu ɗauki abu ɗaya da duk wanda ya yi jinyar tsoho ko mai shanyewar jiki ya sani: gyambon kwanciya. Mutum ya daɗe a gefe ɗaya, fatar ƙugu ko diddige ta yi ja, ta ɗaye, ta zama rami mai wuyar warkewa. A 1987 wasu malaman jinya biyu a Amurka, Barbara Braden da Nancy Bergstrom, suka fitar da ma'aunin gane wanda ke cikin haɗarin wannan gyambo tun bai fito ba. Abu shida ake dubawa: yana jin zafi ko matsi a jikinsa? Fatarsa na yawan jiƙewa da zufa ko fitsari? Yana tashi daga gado? Yana iya juyawa da kansa? Yana cin abinci? Jikinsa na gugar shimfiɗa idan ana jan sa? Kowane a ba shi maki, jimla ta kama daga 6 zuwa 23, kuma ƙarancin maki shi ne girman haɗari. Daga nan ake sanin wanda za a riƙa juyawa a kai a kai. Yau ana amfani da wannan ma'auni a asibitocin ƙasashe da dama, kuma daga ɗakin jinya ya fito.

Ga wani. A 2014 mujallar The Lancet ta wallafa binciken da Linda Aiken ta jagoranta, ita ma ma'aikaciyar jinya ce mai doktora, a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9. An gano cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa ma'aikacin jinya yana ƙara haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 da kashi 7 cikin 100. An kuma gano cewa duk ƙarin kashi 10 cikin 100 na masu digiri a cikin ma'aikatan jinya yana rage haɗarin da kashi 7.

Ba sai mun je nesa ba ma. Tsakanin 2013 da 2014, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun yi gwaji a gundumar lafiya ta Mirriya. A yankin Dogo an koya wa iyaye mata fiye da 12,000 auna dantsen 'ya'yansu da ɗan zaren nan mai launi uku: a naɗa shi a tsakiyar dantse, idan ya tsaya a ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ta yi tsanani, a garzaya asibiti. An kuma koya musu danna bayan ƙafar yaro don gane kumburi. A yankin Takieta an bar aikin a hannun ma'aikatan sa-kai kamar yadda aka saba. Sakamakon ya nuna iyaye mata ba su gaza ba, yaransu ma sun fi isa asibiti da wuri, kuma waɗanda aka kwantar sun fi ƙaranci. Wannan dabara ta bazu zuwa ƙasashe da yawa. Tambaya ce irin wadda ma'aikacin jinya ke cin karo da ita kullum a bakin aiki. Abin da ya rage shi ne ya samu horon da zai mayar da ita bincike, ya jagoranta, maimakon ya tsaya a mai cika rajista.

Maganar ta samu karɓuwa ne saboda abin da ido ke gani na jinya shi ne allura da ƙarin ruwa. Tunanin da ke bayan aikin ba ya fitowa fili. Kuma idan an yi bincike a yankinmu, sau da yawa masu jinya ne ke tattara bayanan, amma tsara aikin da rubuta shi yana hannun wasu.

"Ƙasar da ba ta da isassun ma'aikata ba ta buƙatar masu doktora"

Wannan magana tana da nauyi, domin ƙarancin ma'aikata gaskiya ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ƙiyasta masu jinya a duniya miliyan 27.9, da giɓin miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Wanda ya taɓa ganin ɗakin yara a Magaria ko Mirriya a tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa, ba ya buƙatar a ba shi lissafi.

Amma mu tambayi kanmu: wa zai koyar da waɗanda za su cike giɓin? Makarantun lafiya sun yawaita a Zinder da Maradi da Yamai. A tsarin LMD ana son mai koyar da ɗalibin lisansi ya kasance yana sama da shi, mai masta ko doktora, kuma kula da kundin masta da na doktora aikin masu manyan muƙaman jami'a ne. Idan babu su a cikin masu jinya, ɗayan biyu ne: ko a ɗauko malamai daga wani fanni su koyar da sana'ar da ba tasu ba, ko a bar wanda ya gama jiya ya koyar yau. Manomi ko a shekarar yunwa ba ya cinye iri. Mutum kaɗan da za a ware su yi nisa a karatu su ne irin da ɗaruruwa za su fito daga hannunsu.

Ba kuma ana cewa kowa ya tafi ba ne. Ko a Amurka, rahoton da cibiyar likitancin ƙasar ta fitar a 2010 ya nuna masu doktora ba su kai kashi 1 cikin 100 na masu jinya ba, shi ya sa ya nemi a ninka adadinsu kafin 2020. Tsoron da ke bayan wannan magana shi ne wanda ya tafi ba ya dawowa. Tsoro ne mai dalili, amma maganinsa a tanadar wa mai dawowa gurbin koyarwa da bincike, a kuma haɗa shi da asibiti. Hana tafiya ba ya maganin komai.

"Sai an je Turai ake samun irin wannan karatu"

Akwai shi a Turai da Amurka, ba shakka. Jami'ar New York ta fara ba masu jinya doktora tun 1934. Ga masu Faransanci, jami'o'in Montréal da Laval a Kanada da ta Lausanne a Suwizalan sun yi suna. Sai dai Afirka ba a baya take ba kamar yadda ake zato. Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen jinya a 1965 da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya. Hukumar ta kuma tallafa wa cibiyoyin CESSI a Dakar da Yaoundé, inda aka horar da shugabanni da malaman jinya na ƙasashe masu Faransanci. Yau Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato duk suna da sashen jinya. Daga Zinder zuwa Kano tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka, alhali Yamai ta kusa 900. Shingen da ke tsakani shi ne Ingilishi da daidaita takardu, domin digirin farko na jinya a Najeriya shekara 5 ne.

Akwai kuma hanyar da masu jinya da yawa suka bi a ƙasashe masu Faransanci: yin masta da doktora a fannin da ke maƙwabtaka da nasu, kamar lafiyar al'umma, ilimin yaɗuwar cututtuka, ilimin koyarwa ko nazarin zamantakewa. Ita kanta Linda Aiken a nazarin zamantakewa ta yi tata doktorar. A Yamai akwai cibiyar ISP mai horar da manyan jami'an lafiya, Jami'ar Abdou Moumouni na da makarantun doktora, cibiyar bincike ta LASDEL kuma ta daɗe tana nazarin yadda ma'aikatan lafiya ke hulɗa da marasa lafiya. Ana ganin sai Turai ne saboda 'yan kaɗan ɗin da aka fara sani da wannan digiri can suka samo shi.

"Da an karɓi takardar an zama farfesa, albashi ya hau"

Doktora ƙofar shiga ce kawai. A Nijar da sauran ƙasashen majalisar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma hedikwatarta ke Wagadugu, hawa muƙamin jami'a mataki-mataki ne. Sai jami'a ta fara ɗaukar mutum a matsayin mataimakin malami, idan akwai gurbi. Daga nan ya haɗa takardunsa ya aika wa kwamitocin CAMES, waɗanda farfesoshin ƙasashe daban-daban ke zama a cikinsu. Suna duba shekarun da ya koyar, da maƙalun da ya wallafa a mujallun da masana ke tacewa, da ɗaliban da ya kula da su. Akwai matakai biyu a tsakani kafin a kai ga cikakken farfesa, kuma kowane yana cin shekaru. Wanda ya daina rubutu nan yake tsayawa, komai daɗewarsa.

Ga ma'aikacin gwamnati akwai wani abin lura. Ƙarin girma bisa sabuwar takarda yana bin ƙa'idar aikin gwamnati. Wanda ya nemi izinin tafiya karo ilimi ta hanyar hukuma, lamarinsa daban yake da wanda ya sulale ya yi karatu da kansa ya dawo yana neman a sauya masa matsayi. Kafin a biya kuɗin makaranta, a fara zuwa ofishin ma'aikata a ji yadda dokar take. Mutane suna ɗauka abin nan take ne saboda ranar kare kundi ake gani, da rigar girma da walima. Shekarun da ke biyo baya ba a ɗaukar su hoto.

"Doktora doktora ce, ko daga ina ta fito"

A nan ne mutane ke asarar dukiya. Doktorar girmamawa kyauta ce da jami'a ke ba mutum don wata hidima, ba ta sa a ɗauke shi koyarwa. A Amurka akwai doktorar ƙwarewar aiki da ake kira DNP, wadda ta bazu bayan 2004. Digiri ce ta gaske, amma an shirya ta ne don jagorancin aikin asibiti, ba ɗaya take da ta bincike ba. Sannan akwai masu talla a Facebook da WhatsApp, suna alƙawarin doktora cikin shekara ɗaya ba tare da wahala ba. Karatu ta intanet ba laifi ba ne, manyan jami'o'i ma suna yi. Abin dubawa huɗu ne: hukumar ilimin ƙasar da makarantar take ta amince da ita da kuma wannan fannin? A Najeriya wannan aikin hukumar NUC ne. CAMES ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta Nijar za su karɓi takardar? Wane ne malamin da zai kula da kai, kuma me ya wallafa? Za a kare kundin a bainar jama'a? Duk makarantar da ta kasa amsa waɗannan, a riƙe kuɗi. Tallar tana cin kasuwa ne saboda ma'aikacin da ke nesa da birni ba shi da wanda zai tambaya, kuma takardar bogi da ta gaske a ido kamanninsu ɗaya.

"Mai iyali ko wanda ya manyanta ya makara"

Kusan kashi 90 cikin 100 na masu jinya a duniya mata ne, don haka wannan magana ta fi faɗa wa mata. Gaskiya ne ɗawainiyar gida da goyo da nisan makaranta nauyi ne, ba ma musun haka. Amma a wannan fanni makara ita ce al'ada, domin yawancin masu jinya sai sun yi shekaru a bakin aiki suke komawa aji. Elfrida Adebo, wadda ta fara zama farfesar jinya a Najeriya, an haife ta a 1928, ta kai wannan muƙami a Ibadan a 1984, tana da shekara 56. Shekarun aiki ma riba ce. Wadda ta yi damina goma a CSI ta san dalilin da ya sa mata ke daina zuwa awon ciki, ta san inda maganin riga-kafin zazzaɓi na yara ke maƙalewa, kuma waɗannan su ne tambayoyin da kundi mai amfani ke tsayawa a kansu. Abin da take buƙata shi ne maigida da dangi su fahimci cewa tafiya ce ta shekaru, a yi shiri tare.

Abin da ya rage gare mu

Doktora ba ta kowa ba ce, kuma rashinta ba naƙasu ba ne. Ma'aikacin jinyar da ya ƙware a ɗakin haihuwa ko ɗakin farfaɗowa bai gaza mai kundi ba a wurin mara lafiya. Amma sana'ar da ba ta da malamai da masu bincike daga cikinta, wasu ne za su ci gaba da tsara mata abin da za ta koya. Wanda ke da niyya a Zermu ko Mirriya ko cikin birnin Zinder, hanyarsa a bayyane take: ya kammala lisansi, ya nemi masta a makarantar da aka amince da ita, ya ƙarfafa Ingilishi da ilimin ƙididdiga, ya fara rubuta abin da yake gani a wurin aiki, ya nemi malamin da zai riƙe hannunsa. Hukumomi kuma nasu shi ne su buɗe gurabe a jami'a da makarantun lafiya, domin wanda ya tafi ya san akwai aikin da ke jiransa a gida. Mu sauran jama'a, idan ɗanmu ko 'yarmu ta ce za ta yi wannan karatu, tambayar da ta dace ita ce a wace makaranta, da izinin wa, kuma wace matsalar lafiya ta yankinmu za ta bincika.